Masarar Inna a Hayaƙin Tsire

Inna ta iso Douala da ƙunshi biyu, ɗaya a ka, ɗaya a goye. Na kanta tufafi ne. Na bayan ba ta bari na taɓa ba. Sai da muka isa ɗakina a New Bell, ta sha ruwa, sannan ta kwance zani. Masara ce guda bakwai, ja, ƙanana, da ɓawonsu.

"Abin da ya rage ke nan," in ji ta.

Garinmu yana kan duwatsun wajen Banyo. Kogi ya bi ta ƙasan gari, gonakinmu suna bakinsa. Ina yaro muna tsallake shi, ruwa iya gwiwa. Daga baya damina ta canza hali. Ruwa ya ƙi zuwa a kan lokaci, in ya zo kuma ya zubo na wata guda a yini ɗaya. A shekarar nan kogin ya gangaro da duwatsu da itatuwa, ya cinye gona, ya tafi da rumbu. Bakwai ɗin nan suna rataye a saman murhu, shi ya sa suka tsira. Irin kakanninmu ne, mai saurin nuna, ba a samunsa a kasuwa. In ya lalace kafin shuka, shi ke nan.

Douala kuwa gari ne da takalmi ma ke yin fumfuna. Inna ta duba ɗakin sama da ƙasa.

"Ina hayaƙinku?"

"Da risho muke girki, Inna."

"Risho ba ya tsare iri."

Ni mai tsire ne, a nan soya ake cewa. Washegari ta biyo ni rumfa, ta hau benci, ta ɗaure masarar a itacen rufi, daidai inda hayaƙi ke bi.

Shekarun wahala ne. An yanke wa ma'aikata albashi, nama ya zama na ranar biki. Masu tsire na layinmu sau biyu suke hura wuta a mako. Ni ma haka. Inna ta ce kullum.

"Babu masu saye, Inna."

"Ban tambaye ka masu saye ba."

Sai na riƙa hurawa kullum bayan azahar. Wuta ba ta zama haka kawai, sai in ɗora ɗan kayan ciki. Mutane suka gane akwai rumfa ɗaya da ba ta rufewa. Suka fara zuwa, ko na yanka biyu ne.

Inna tana zaune a gefe da sanda. Akwai wani ma'aikacin ofis, haifaffen unguwar, Hausarsa rabi Faransanci. Ya ɗaga kai ya ga masara.

"Mama, le maïs là, c'est combien?"

"Me ya ce?"

"Wai nawa ne."

"Ce masa ta fi albashinsa."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Mama, yanzu ai ko gyaɗa ta fi shi."

Wata rana Inna ta tafi suna a Bonamoussadi. Na je sallar la'asar, na bar wa maƙwabcina rumfa, wani Bakano mai sayar da yadi, sabon zuwa. Ban faɗa masa komai ba. Na ɗauka kowa ya san masarar da ke rataye a hayaƙi ba ta ci ba ce. Na dawo na tarar yana tauna, yana ɓata fuska.

"Maigida, masarar nan taka dutse ce."

Na sha duka a garin nan, na kwana da yunwa, ban ji tsoro ba. Ranar na ji.

Inna ta dawo. Ba ta gaishe mu ba sai da ta ƙirga da kan sanda. Shida. Bakanon ya cire hula ya durƙusa.

"Inna, ni ne. A yafe mini."

Ta dube shi.

"Ta yi daɗi?"

"Wallahi haƙorina ya kusa fita."

Inna ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun zuwanta. Hukuncinsa itace: kullum ya kawo dami ɗaya. Daga nan ya zama mai gadi. Duk wanda ya ɗaga kai, sai ya ce, "Malam, sauke idonka, ni na riga na ci rabon kowa."

Ruwa ya shiga rumfar har gwiwa sau biyu. Masara tana sama, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Da shuka ta matso, Inna ta ɓare ƙwaya goma, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Kwana huɗu ta buɗe a gaban mutane. Tara sun tsiro. Ma'aikacin ofis ya yi tafi, Bakano ya yi kabbara. Ni na juya nama.

Ta koma gida, ta bar bakin kogi, ta share gona can sama a gefen dutse. Bayan kaka buhun masara ya iso daga gare ta a motar shanu. Muka yi tuwo a rumfa, ma'aikacin ya rantse yana jin yajin tsire a ciki. A saman buhun akwai guda biyu da ɓawonsu, an ɗaure su da igiya. Direban ya ce Inna ta ce in rataye, ba a san halin kogi ba.

Na rataye. Bakanon ne ya riƙe mini benci.