Hayaƙin Wajen Kabo

Shekarar da dammunan dawarmu suka daɗe a gonarmu ta wajen Kabo, saboda mai amalanke yana ta yi mana gobe-gobe, wata la'asar ina Gwarzo na hango hayaƙi ya turnuƙe can. Na shiga tsine wa masu cinna wa daji wuta saboda gafiya.

Na kira ƙanwata, mai aikin duba hotunan tauraron ɗan Adam. Ta turo mini hoto a waya. A hoton, wutar wani jan ɗigo ce nesa da gonar, iska ce ta jawo hayaƙin.

"Yaya, zauna ka sha ruwa," in ji ta.

Na sha. Washegari na tsaya a kan mai amalanken har dami na ƙarshe ya shiga rumbu.