Kocinmu da igiyar bakin fili

Jiya da la'asar, ana tsaka da wasanmu na ƙwallo da 'yan garin Doka a filin unguwa nan Gadarif, sai na hango Baba Haruna ya sake tsallake igiya. Ni aka ɗora wa tsare 'yan kallo, shi kuma tsohon kocinmu ne.

Kafin in ƙarasa wurinsa, 'yan wasa biyu sun biyo ƙwallo a guje, saura kaɗan su take shi. Na riƙo hannunsa.

"Ma'alesh Baba, yi haƙuri, koma baya. In suka buge ka, me zan ce wa iyalinka?"

Ya ce a hankali, "Ya waladi, ɗana, idona ya tafi. Daga bayan igiya ba na ganin yaran nan, sai dai in ji ihu."

Ashe babu wanda ya sani.

Na samo masa kujera a bayan igiyar, na tsuguna kusa da shi ina faɗa masa wanda ke riƙe da ƙwallo. Yana jin suna, sai ya faɗi inda yaron zai buga, kuma yawanci haka ake yi.

Na yi ta korar mutane daga bakin layi, ban taɓa tambayar me ya kawo su ba. Ku fa, kun taɓa tambaya?