Mai Shuka Wake a Bakin Alkama

Da an idar da sallar asuba, Malam Abdulkahar kan hau tsohon babur ɗinsa ya gangara fadamar Miga. Malamin gona ne. Kafin ya gaisa da kowa sai ya durƙusa ya juya ganyen alkama ya duba. A ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Shekarun baya alkamar rani ta fara yin ɗigo-ɗigon rawaya, ganye ya tsufa da wuri, ƙwaya ta fito a motse. Manoma suka ce cutar tsatsa ce, aka yi ta feshi a banza. Malam ya ce ba cuta ba ce. Hayaƙin karan shinkafar da ake ƙonawa, da na injinan ban ruwa da motoci, idan rana ta gasa shi yakan zama wata iska da ido ba ya gani, masana na ce mata ozon. Ganye ya shaƙe ta, ta ƙone shi ta ciki.

Baba Yahuza, wanda ɗan fegin alkamarsa ne abincin gidansa da irin baɗi, ya yi dariya.

"Malam, tsuntsu mun kora, akuya mun kora. Yanzu kuma iska za mu kafa wa mutum-mutumi?"

Malam ya shuka layin wani wake a bakin kowace gona, don ganyensa na riga na alkama nuna ƙuna.

Alkamar Baba Yahuza na fara fid da kai, waken ya yi tabo. Malam ya ce masa ya ɗan janye ruwa na 'yan kwanaki, domin ganyen da ya ƙoshi shi ke buɗe ƙofofinsa da tsakar rana ya kwashi gubar.

"In ta bushe fa?"

"In ta bushe, Baba, ka tara jama'a ka zage ni."

Baba Yahuza ya janye ruwan. Malam kuma ya bi maƙwabta gona-gona yana roƙon a dakata da ƙona kara. Wasu suka ji, wasu suka cinna wuta yana juya baya. Wani gefen fegin ya lalace. Sauran ya yi ƙwaya cikakkiya, gida ya ci, iri ya ragu.

Baba Yahuza bai yi godiya ba. Da lokacin shuka ya zagayo, sai ga shi a ƙofar gidan Malam.

"Ina waken nan naka mai gulma? Ba ni na gona biyu, har da ta surukina."

Malam, kai ne ka yi gadin abin da ba a gani, ka sha dariya ba ka fasa ba. Mun gode. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya.

Mu kuma, kafin mu ƙyasta ashana a kan kara bana, mu leƙa gonar maƙwabci. Waken Malam na nan a bakinta, kuma zai faɗa.