Biri da Ɗankwalin Celestina

A cocinsu na Handsworth, in aka ambaci Nyam ba a tuna shekarun da ya yi yana tuƙa bas a titunan Birmingham. Tumbinsa ake tunawa, a waje, yana rawa cikin bidiyo.

Ga yadda aka yi. Ma'auratan coci suka haɗa tafiya hutu ƙasar zafi, aka ware wuni guda don haye ruwa zuwa wani tsibiri mai birai. Nyam mutumin Bukuru ne, ya ce shi ya ga biri har ya gaji, a gonar ubansa jifansu yake yi. Matarsa Celestina ce ta nace. Ya san dalili, sai kawai ya ɗauki jaka.

Tun bazara take zuwa asibiti ana yi mata chemo, maganin ciwon daji, gashinta ya zube tas. Daga shi sai likitoci suka sani. Ta rantsar da shi kada ya faɗa, don in zumuntar matan coci ta ji da safe, kafin azahar labari ya kai wa tsohuwarta a Vom ta waya, tsohuwar kuwa zuciyarta ba ta da ƙwari. Saboda haka kullum ɗankwali, ɗauri mai tsayi, mata har yaba mata suke yi.

Suna tafe ƙarƙashin itatuwa, su biyu a bayan ayari saboda numfashinta, sai wani biri ya zuro hannu ya fizge ɗankwalin. Nyam ya ga kan nan fayau a rana, ya ga idonta. A gaba kuma Davou, mawaƙin coci, yana shirin juyowa da waya a hannu.

Bai san lokacin da ya tuɓe riga ya jefa mata a ka ba. Ya kwasa da gudu, ba ma wajen birin ba, ta gaban jama'a, yana ihu da Berom, yana zagin biri har kakanninsa. Saiwa ta harɗe shi, ya kife cikin taɓo. Ya tashi, ya ga har yanzu ba ta gama ɗaura rigar ba, sai ya sake faɗuwa. Wayoyi duk suka bi shi. Gwiwar da ya fasa ran nan ita ta raba shi da tuƙi.

Celestina ta rasu da sanyin shekarar. Tsohuwarta ta riga ta da 'yan makonni, ba ta taɓa ji ba.

Yanzu Nyam na zaune shi kaɗai, yana ɗingisawa zuwa coci, bayan sujada shi ke tattara kujeru. Girki bai iya ba har yau. 'Yarsu Zoe kan zo daga Manchester ta cika masa firij, ta yi masa faɗa da Turancin da rabinsa kawai yake kamawa.

Bidiyon bai mutu ba. Wata Lahadi ana shan shayi Davou ya sake kunnawa.

"Baban Zoe, tsakani da Allah, biri yana gabas, kai ina za ka yamma? Har faɗuwa biyu!"

Nyam ya kalli wayar har bidiyon ya ƙare, yana neman gefen da matarsa take. Ba ta fito ba ko sau ɗaya.

"Kai dai bar birin nan, Davou," in ji shi. "Ya fi zumuntar mata riƙon amana. Ya ga abin da ya gani, har yau bai buga wa kowa waya ba."