Kwalbar da Muka Buɗe a Flatbush

Tompkinsville

Muna sallame sallar asuba Gwaggo Talatu ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Gwaggo, kantin nan fa ba ya buɗewa sai hantsi."

Ta ce, "Ni ban taɓa ganin matafiyin da rana ta fito masa a gida ba. Ɗauko kit ɗin mu tafi."

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Daga Zariya ta zo New York saboda bikin ƙanena Nasiru, kuma a ranar Asabar ɗin nan za mu kai lefe gidan su amarya Jamila a unguwar Jamaica ta nan New York, bayan la'asar. Manyan akwatuna sun kammala, Malam Isufu abokin Nasiru zai ɗauko su a motarsa. Saura kit, ƙaramin akwatin nan na kayan kwalliya, kuma shi ne ya hana ni barci.

Tun daga Zariya Gwaggo ta cika shi taf da mayuka masu ƙamshin da ke riga mutum shiga ɗaki. Sai ranar Alhamis Jamila ta kira ni, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar.

"Yaya Hajara, don Allah kada ki ga rashin kunyata. Fatata ba ta son turare. Duk man da ke da ƙamshi, ina shafawa fuskata ta kumbura, ƙuraje su feso. Na Japan kaɗai take karɓa. Kuma kin san su Inna, daga cikin kayan lefe za su ɗebo su yi min kwalliyar kamu, ni kuwa ba zan iya ce musu a'a ba."

To, ga inda muka tsaya: ko mu kai kit mai cika ido amarya ta fito da kumburarriyar fuska ranar kamunta, ko mu kai wanda fatarta za ta ɗauka dangi su ce mun yi rowa. Da ƙyar Gwaggo ta yarda aka juye kayanta, aka bar kwalli da lalle kawai, bisa sharaɗin ƙafarta ƙafata zuwa kantin kayan kwalliyar Japan da ke Manhattan.

A kan ruwa

Daga unguwarmu Tompkinsville, a tsibirin Staten Island, zuwa tashar jirgin ruwa ba nisa, 'yar gajeriyar tafiya ce a bas. Da na ce wa Gwaggo ba a biyan ko sisi a jirgin, sai ta tsaya cak.

"Kyauta? A ƙasar nan? Akwai dai abin da suke nema a wurinmu."

Ta zauna can tsakiya nesa da taga, ta rungume kit, bakinta yana ta motsi da addu'a. Sai da gari ya fara wayewa ta saki jiki ta leƙa, daidai muna wuce mutum-mutumin nan na matar da ta ɗaga fitila. Ta dube ta tsaf, ta ce Allah sarki, ita ma tun asuba ta fito.

Manhattan

Kamar yadda na faɗa, mun tarar da kantin a kulle. Muka raɓe wajen wani mai shayi a bakin titi, muka sha shayi a kofin takarda da wani burodi mai rami a tsakiya. Gwaggo ta ce wanda ya gasa shi bai yi shawara da masu haƙoran roba ba.

Da aka buɗe, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru na hanci. Kantin kayan kwalliya guda, amma ba ka jin ƙamshin komai. Kwalabe ƙanana, yawancinsu farare, an jere su tsaf, rubutun jikinsu kuma ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba.

Gwaggo ta raɗa min, "Kin tabbata ba kemis kika kawo mu ba?"

Wata budurwa 'yar Japan ce ta tare mu, mai sanyin murya, tana magana tana ɗan rusunawa. Wannan rusunawar ita ta fara sayo Gwaggo, don nan take ta ce yarinyar nan ta sami tarbiyya. Na yi mata bayanin fatar Jamila, ta shiga ɗiga min abubuwa a bayan hannu.

Zan faɗi gaskiyata. Ruwan shafawarsu da farko raina shi na yi, don ba shi da maraba da ruwan famfo a ido. Ba a murza shi, dannawa ake yi da tafin hannu a hankali, kafin ka ankara fata ta shanye ta yi laushi ba maiƙo. Sabulunsu kumfa ne zalla, bayan an ɗauraye fuska ba ta yin tsantsan nan da ke sa mutum jin kamar an ɗaure masa kumatu. Man kariya daga rana kuwa shi ya fi burge ni, don na saba da masu mayar da baƙar fata toka-toka, wannan ko alamarsa ban gani ba. Ta kuma ba mu wani mai a kwalba mai garai-garai, ta ce da shi ake wanke kwalliya ba sai an dirje fuska ba.

Wajen hoda ne muka rabu da Japan. Ta ɗauko wadda ta fi duhu a kantin ta shafa min a kunci, na koma kamar wadda ta dawo daga injin niƙa. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar da kanta ta goge min, ta ba ni haƙuri, ta ce kada in saya, ba su yi ta don kalata ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar.

Da nan na tsaya da an zauna lafiya. Amma kwaɗayi ya ja ni na zauna ta zizara min gazal siriri, ta taje min gashin ido da maskara, ta ɗora jan-baki mai kalar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Na kalli madubi, wallahi ni kaina sai da na so in gaishe da matar da na gani. Yarinyar ta ce ko ruwan sama ko hawaye ba sa motsa shi. Na gyaɗa kai ina murna, ko kaɗan alwala ba ta faɗo min a rai ba.

Gwaggo ta nemi in mayar mata da kuɗin zuwa naira, na ƙi, don ina so ta isa Jamaica da ƙafarta. Muka zuba kayan a kit, ko rabi bai cika ba. Muna tafiya kwalaben suna ƙwaram-ƙwaram a ciki, Gwaggo tana tsaki a kan kowane taku.

Flatbush

Jirgin ƙasa ya fito da mu daga ƙarƙashin ƙasa ya haye gada, muka sauka a Flatbush wajen Maman Fati, tela 'yar Kumasi, don karɓar ɗinkin ƙarshe na amarya. Ta cika mana faranti da shinkafa da wake da baƙin yajinsu da suke cewa shito. Ta kalli idona ta ce, "Ei, Hajara, yau kai ne amarya?" Haka Hausarsu take, mace ma kai ce.

Azahar ta yi, na shiga alwala. Na watsa ruwa a fuska, sai na ga yana gangarowa daga fatar idona yana wucewa abinsa, gazal yana nan daram. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ruwa bai taɓa wurin nan ba. Sake."

Na sake, na kuma sakewa. Maman Fati ta kawo sabulun salo, na dirza har idona ya yi jajawur yana raɗaɗi, kwalliya ko gezau. Ta kawo man kaɗe, shi kuma ya dama abin ya zagaye min ido da baƙi, ga maiƙo a kai. Ana cikin haka Malam Isufu ya bugo waya, wai ga shi a ƙasa da akwatuna, kuma wurin da ya tsaya ba a daɗewa.

Dukanmu muka kalli kit. Maganin abin yana ciki, man nan na wanke kwalliya, a naɗe da ledarsa. Ku da kuke gida kun sani, kayan lefe ba a taɓa su. Kai wa amarya abin da aka fara amfani da shi raini ne da ba a mantawa, jikoki ma sai sun ji labari. Komawa Manhattan kuma babu lokaci.

Gwaggo ta dubi agogon bango, ta dube ni. Ta ce, "Salla ta fi lefe. Buɗe."

Na yage ledar. Na shafa man, na murza a hankali, sai baƙin nan ya narke. Da ruwa ya taɓa shi ya koma fari kamar madara, ya bi ruwa ya tafi, bai bar maiƙo ba kuma bai shiga min ido ba. Na yi alwala mai kyau, muka yi salla. Amma kwalbar garai-garai ce, kowa zai ga ta ragu. Na ce ko mu cire ta, Gwaggo ta ce kit ɗin da dama bai cika ba, kuma da me yarinyar za ta wanke fuska? Ta cusa ta can ƙasa ta rufe da ƙullin lalle.

Jamaica

Malam Isufu, mutumin Tawa, yana ganin idona ta madubi ya ce, "Madam, kuka kinka yi tun yanzu? Ai ba ke za a kai ba." Cunkoson motoci ya riƙe mu a hanya, ni kuwa addu'a nake kada ya sake mu.

An tarbe mu da guɗa, falo cike da mata har bakin kicin. Mai buɗe kaya ita ce Inna Hadiza, yayar mahaifin Jamila, 'yar Maraɗi, mace mai ido kamar na ma'aikacin kwastan. Atamfofi suka wuce lafiya, leshi da shadda suka sha yabo, takalma da jakunkuna ma haka. Sai aka zo kan kit.

Ta ɗago farar kwalba ɗaya ta juya ta, ta shinshina. "Wanga mi ne ne? Magani kunka kawo muna?" Aka yi dariya, na daure na yi bayani, wasu 'yan mata suka ce ai kayan nan tsada gare su. Har na fara numfashi. Sai ta ɗaga ƙullin lalle.

Ta ɗaga kwalbar sama saitin fitila. "An buɗe wagga. Ɗiyarmu za a kawo ma saura?"

Ni dai na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na tuna Nasiru da dararen da ya yi ta kwana a kan titi yana tuƙin motar haya don ya haɗa akwatunan nan, ga shi zan zubar masa da mutunci saboda gazal.

Gwaggo ta gyara zaman mayafinta ba gaggawa. Ta ce, "Mu muka buɗe, Hajiya. Mu a gidanmu ba ma kai wa amarya abin shafawa sai mun gwada a fuskar 'yarmu. In zai ƙona, ya ƙona tamu. Hajara, matso su gani. Jan idon nan aikin sabulu ne, man nan shi ya kwantar da shi."

Na matsa. Mata suka yi ta shafa min kumatu suna juya min fuska hagu da dama, Inna Hadiza ma sai da ta sa yatsa. Kwalbar tana nan a hannunta.

Mahaifiyar Jamila tun zuwanmu tana bakin ƙofar kicin, ba ta ko kalli akwatunan ba, kamar yadda uwa ke kawaici a kan 'yar fari. Sai ga ta ta ratso mutane, ta karɓi kwalbar daga hannun yayar mijinta.

Ta ce, "Yaya, ku yi min afuwa, yau zan yi magana. Tun yarinyar nan tana zanen goyo nake fama da fatarta. Satin nan ban runtsa ba ina tunanin ranar kamu, kuma ba ni da bakin cewa ga abin da za a kawo." Ta juyo ta dubi Gwaggo. "Ashe gidan da za ta akwai masu tunaninta. A sa wannan a sama, kada a ɓoye ta."

Inna Hadiza ta dubi Gwaggo, ta dubi matar ƙanin nata, sannan ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da ta fi ta farko. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, na gode Allah da babu sauran kwalliya a idon.

Komawa gida

Bayan magariba muka kamo hanya da tukwicin cincin da dubulan, wannan karon ta doguwar gadar da ke shiga Staten Island. Muna tsakiyarta na ce, "Gwaggo, wai yaushe aka fara al'adar nan a gidanmu? Ni ban taɓa jin ta ba."

Ta ce, "Yau da azahar. Kuma ki shirya, duk wadda za a auro mana nan gaba, fuskarki ce."

Mun iso Tompkinsville lafiya, muka tarar da Nasiru yana safa da marwa a ƙofar gida. Gwaggo ta ce masa an karɓa, ya je ya ci abinci.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Na gode wa Maman Fati da Malam Isufu, da 'yar Japan ɗin nan da ban ko tambayi sunanta ba, da Gwaggo Talatu, Allah Ya ƙara mata lafiya. An yi kamun Jamila fuskarta sumul, ko ƙurji ɗaya babu. Ta sha kuka ranar, amma na rabuwa da uwa ne kawai.