Tabarmar da Inna Hajo ta ƙi zama

Ranar da na koma dillanci bayan haihuwar ɗiyata ta fari, har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara.

A Bodinga aikinmu shi ne shiga gidajen matan kulle, mu karɓi zaren da suka kaɗa, mu kai wa masaƙa masu ɗaukar kaya zuwa birnin Sarkin Musulmi. Kowace dillaliya da gidajenta, uwar dillalai ce ke rabawa. A kowane gida akwai 'yar tabarma ta dillaliyar gidan. Wadda aka shimfiɗa wa ita ta zauna, gidan ya zama nata. Haka muka tarar.

Da zan tafi goyon ciki Shagari wurin iyayena, uwar dillalai ta ce a ba Inna Hajo aron gidajena. Hankalina ya tashi. Inna Hajo tsohuwar hannu ce, ga baki mai daɗi, masaƙa ba sa iya mata musu. Ni kuwa ko sallama sai murya ta yi mini rawa. Ina wankan jego ina tunani: in gidajen nan suka tafi, da me zan riƙe ɗiyar nan? Wata da ta zo barka ma ta ce matan sun saba da Inna Hajo ƙwarai.

Da na dawo, na goya ɗiyata, na fara da gidan Tumba, uwargidan wani marini, wadda zarenta ya fi na kowa laushi. A ƙofar ɗaki na ga Inna Hajo a tsugune, ta dafe gwiwa da hannu ɗaya, tana duba zare. Kowa ya san ciwon gwiwarta. Na ɗaga ido. Tabarmata na rataye a inda na bar ta, da ƙullin da na yi mata, har gizo ya yi saƙa a kai.

Tumba ta ce sau nawa suna cewa za su shimfiɗa mata, tana ƙi, wai mai wurin na nan tafe.

Inna Hajo ta harare ni. "Ke Dije, mi kike kallo? Taho ki amshi gidajenki, gwiwata ta mutu. Kin tahi Shagari kin zamna shan kunu awa gimbiya."

Na kwance tabarmar, na kakkaɓe, na shimfiɗa a gabanta. Ta ce in yi hankali, na san abin da zama ke nufi. Na ce na sani, Inna. Gidan nan ya fi kusa da naki.

"Yarinyar ga ba ta da wayo," in ji ta. Sannan ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ce in miƙo mata ɗiyar.

Uwar dillalai ta yi mini faɗa, wai ba a kyauta da gida mafi kyau, amma ta bar shi haka.

Tun ranar na san ba rabon uwar dillalai ke tsare wa mace gidajenta ba, 'yar'uwar da ta ƙi zama ce. Yanzu aron gidajen wata ke hannuna. In kun gan ni tsugune a ƙofar ɗaki da goyo, kada ku miƙo mini tabarma.