Dusar da Tumakin Hajiya Ba Za Su Ci Ba

"Dusa? Daga sama?" Mahaifiyarmu ta ajiye kwanon abincin tumakinta ta fizge wayar daga hannuna.

Ƙanena Sadiƙ ne ya kira ta bidiyo daga ƙasar da yake karatu. Wai ranar Asabar za su hau dutse wasan zamiya a kan ƙanƙara, amma hasashen yanayi ya nuna iska mai ƙarfi da dusar ƙanƙara.

"Ni ina yawon neman dusa har Kawo, ku tana zubo muku a banza?"

"Hajiya, ba ta tumaki ba ce. Ƙanƙara ce, gari-gari."

"To ita ma ban yarda ba. Kai da fanka ke sa wa mura? Ba inda za ka sai iskar nan ta kwanta."

Ta sa na saka mata yanayin garinsu a wayarta, kullum da safe sai an duba. Yau Asabar iska ta lafa, ta ba shi izini.

Ɗazu da rana tsaka na same ta cikin rigar sanyi, tana gumi. Na ce ai nan Unguwar Kanawa ce. Ta ce, "Na sani. Ɗana na kan ƙanƙara."

Uwa ke nan. Ku taku wane sanyi ta taɓa ji muku?